Gado Ɗaya, Kwanturola Nawa?

Na san halinku, masu rubuta manhaja da Rails. Da zarar aji ya haifi 'ya'ya uku, sai hannunku ya kama ƙaiƙayin buɗe fayil uku. Ku ɗan ɗaga yatsu daga kan madannai tukuna, akwai magana.

A ce kana da aji mai suna AbinHawa, ƙarƙashinsa Mota da Babur da Tirela. Dukansu tebur ɗaya suke kwana a rumbun bayanai, gurbin da ake kira type ne kaɗai ke faɗin wane ne wane. Martin Fowler ya bayyana wannan salon gado a littafinsa na 2002, kuma Rails ɗin da David Heinemeier Hansson ya saki a 2004 ya rungume shi. Nan babu gardama. Inda ake tayar da jijiyar wuya shi ne: kwanturola nawa za a yi musu?

Ga Malam Mai-kwafi can ya ɗaga hannu: "Uku mana, ai a fili take!" Allah ya ƙara basira, Malam. Ka rubuta na Mota, ka kwafa, ka canza suna, ka sake kwafa. Ranar da aka gano ɓaraka a wajen goge rikodi, ka toshe ta a Mota, ka tafi cin tuwo. Babur da Tirela kuwa suna nan da ɓarakarsu har sai mai manhaja ya kira ka da tsakar dare.

Kai kuma da kake masa dariya, Alhaji Mai-idan, zauna. Naka kwanturolan ɗaya ne tal, amma cikinsa "idan mota ce, idan babur ne, idan kuma tirela ce" daga sama har ƙasa. Abin da ya fi muni, ka ɗauki sunan ajin daga adireshin da baƙo ya turo, ka miƙa wa constantize ba tambaya. Wato kowane ɗan kutse zai iya rubuta sunan ajin da ya ga dama, manhajarka ta ɗauko masa. Rubuta jerin sunaye ukun da ka yarda da su, ka kori sauran. Layi biyu ne, ba za su karya maka yatsa ba.

Abin da ku biyun kuka kasa gani shi ne, gado na bayanai ne, kwanturola kuwa na aiki ne. 'Yan uwa uku da suka gaji gida ba sa fasa katanga kowa ya gina zaurensa, sai ranar da baƙinsu suka bambanta. Muddin abin da ake yi wa ukun nan iri ɗaya ne, a jera, a nuna, a ƙirƙira, a gyara, a goge, kwanturola ɗaya ya isa. Ka shimfiɗa hanyoyi uku su ɓulle gare shi, kowace da sunan ajinta a manne. Ranar da Tirela ta zo da nauyin kaya da takardun da Babur bai san da su ba, sai ka bar aikin gama-gari a kwanturolan uwa, ka yi mata ƙaramin nata. Abu biyu kacal zai faɗa: wane aji yake wa hidima, da waɗanne gurabe aka yarda su shigo, kamar yadda Rails 4 ya tanada tun 2013.

"To ai fom ɗina ya fashe!" Na ji ka, Yallaɓai. Hanyar AbinHawa kaɗai ka shimfiɗa, ka ba shi Babur, ya tafi neman hanyar Babur da ba ka gina ba. Don haka aka yi becomes: ka gabatar da Babur a matsayin AbinHawa, fom ya nutsu.

Mai cewa rabin guraben teburinsa fanko ne kuwa, ciwonka ba na kwanturola ba ne. 'Ya'yan ajin naka sun daina kama da juna. Rails 6.1 na 2020 ya zo da delegated_type, inda kowa ke da teburinsa, abin da suka haɗa kuma ya zauna wuri guda. Je ka gyara can, ka daina yi wa kwanturola sharri.