Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Malam Rauta

Zuwa ga Malam Rauta, mazaunin bayan talabijin,

Da fatan fitilunka suna nan kore shar.

Ranka ya daɗe, kuka na kawo. Ina Longsight a Manchester, ƙanena yana Small Heath a Birmingham, hotunan bukukuwan dangi da kaset-kaset ɗin tafsirin da muka kwafe duk suna ma'ajiyar kwamfutarsa. Mun haɗa gidajen biyu da ɓoyayyar hanya ta WireGuard, wata 'yar kwamfutar Raspberry Pi mai lamba 192.168.1.50 tana tsaron bakinta.

Abu uku kacal nake so ka rubuta a littafinka: unguwar da za a je, 192.168.2.0, iyakarta, 255.255.255.0, sai ƙofar da za a bi, wato 'yar Pi ɗin. Hanya kafaffa ke nan, ba ta sauyawa sai mai gida ya sauya ta. Rautar ƙanena tuni ta karɓi nata layin na dawowa, domin saƙo in ya tafi ba hanyar komowa, amsa ba ta zuwa.

Kai fa? Duk saƙon da ba ka gane adireshinsa ba, sai ka tura shi babbar ƙofa wurin kamfanin intanet. Alhali tun 1996 ƙa'idar RFC 1918 ta ce adireshi mai farawa da 192.168 ɗan kulle ne, ba ya fita titi. Can sai su watsar da shi ko sallama babu.

Jagaban fataken goro daga Kano zuwa Gwanja ya san kowane zango da kowace mashigar kogi ba tare da ko wutar lantarki ba. Kai kuwa ƙofa ɗaya ka sani, kana cin wuta dare da rana.

Na leƙa shafinka na bincike lungu-lungu. Wurin sauya kalmar sirri yana nan, wurin hana yara intanet da dare yana nan, na rubuta hanya kuwa babu. A garin da kwamfutar Baby ta fara aiki ranar 21 ga Yuni, 1948, wannan abin kunya ne.

Na ba ka zuwa Juma'a. In ka ƙi, zan sauke ka daga sarauta ka koma ɗan aike, in naɗa wata rauta mai manhajar OpenWrt.

Wassalam,
Mai biyan kuɗinka duk wata