Hitar Da Ba Ta Zo Ba

A ganina, babu wanda kasuwar iyakwandishan ta fi yi wa sakiyar da ba ruwa kamar mutumin da ya tashi a ƙasar zafi. Ɗan Sakkwato ko ɗan Maraɗi da Allah ya kai Houston ko Atlanta, ya tara ya sayi ɗan gidansa, yana shiga wannan ciniki da gadara, domin shi dai ya sha ranar Afrilu, ba Bature ne zai koya masa zafi ba. Duk tambayoyinsa a kan sanyi suke ƙarewa: tan nawa ce, tana ƙara, tana kai sanyi har uwar ɗaka? Na'urar da talaka ke saye a kudancin ƙasar Amurka kuwa sau da yawa akwati ne guda, kwamfureso da fanka da duk kayan cikinta a haɗe, ana ɗora shi a kan dakalin siminti a bayan gida ko a kan rufi, a jona masa bututun iska biyu, ɗaya mai kaiwa, ɗaya mai dawowa. Daga masana'anta ake ɗura masa gas, ga sauƙin kafawa, ga araha. A jikin tallar an rubuta cewa yana sanyaya gida, yana kuma ɗumama shi da wutar lantarki. Wannan rabi na biyu namu ba ya ko karantawa, shi ne kuma rabin da zai yanke masa hukunci a aljihu da mutunci.

Abin yakan tafi a kan tsari ɗaya. A Yuli aka saya ta intanet, mota ta sauke, wani mai arahar aiki ya kafa, sanyi ya cika gida, maigida ya yi wata biyar yana ba kowa labarin dalolin da ya tsira da su. Sai Janairu, daidai lokacin da surukai suka zo daga gida ganin jika, iska ta kaɗo daga arewa. Maigida ya miƙe a gaban jama'a, ya je bango ya danna tamostat zuwa ɗumi da yatsa ɗaya, irin dannar wanda ya san kan abinsa. Fanka ta amsa, iska ta fito, sai dai iskar nan ita ce dai ta ɗakin, an zagaya da ita ta cikin akwatin ƙarfe da ke waje an dawo da ita ta ƙara hucewa. Ya ce a ba ta lokaci ta ɗau zafi. Aka ba ta dare guda. Da safe aka kira mai gyara, gidan kuma gaba ɗaya ya biyo shi bayan gida a cikin barguna, domin an ji labarin na'urar nan sosai, kowa yana so ya ga cikinta.

A nan nake so a tsaya, don duk hujjata a cikin minti ɗayan nan take. Mai gyara ya durƙusa, ya kwance kusoshi, ya zare murfi ya jingine. Ya haska tocila. Ya yi shiru. Ya sake haskawa, ya matsa gefe don maigida ya gani da idonsa. Inda ya kamata hita ta zauna, rami ne mai kusurwa huɗu, tsaf-tsaf, ko ƙura babu, da 'yar soket tana lilo a bakin waya tana jiran abin da ba a taɓa sayowa ba. Maigida ya sunkuya ya leƙa. Ya miƙe. Ya sake sunkuyawa, wannan karon har da tura hannu ciki yana lalube, ko ta ɓuya ne a lungu. Ku lura, da na'urar lalacewa ta yi, da da sauƙi: a zagi kamfani, a ce kayan zamani ba su da aminci, surukai su taya jaje. Amma wannan lafiyarta ƙalau. Ta kwana tana yin duk abin da aka sayo ta ta yi. Uwargida ta ce, "Maigida, me ya ce?" Ya ce, "Ana dai dubawa." Surukinsa, dattijon da ba ya jin ko kalma ɗaya ta Turanci, ya gyara bargo, ya matso, ya leƙa ramin, ya dubi mijin 'yarsa, ya ce, "Allah ya kyauta." Bai ƙara komai ba. Rami ba ya buƙatar tafinta. Mai gyara kuma, cikin ladabin da ya fi zagi ciwo, ya tambaya ko maigida ya ajiye hitar ne a gareji. Sai ga maigida yana waiwayen gareji da gaske, alhali ya fi kowa sanin babu komai a ciki sai kwalayen Yuli.

Ba zamba aka yi masa ba, wannan ne ya ƙara wa abin zafi a gidan da ba zafi. Masana'antu akwati iri ɗaya suke ƙerawa ya tafi Miami ya tafi Tennessee, su bar gurbin hitar a buɗe, a saye ta daban gwargwadon sanyin gari da girman gida: mai kilowat 5, 8, 10, 15 ko 20. Yana nan a rubuce a shafin da ya saya, ƙasa kaɗan da farashin da idonsa ya maƙale a kai. To a irin wannan taro ba a rasa wani Alhaji, tsohon zama, wanda ya zo Amurka tun ana buga waya da kati, ya shigo gaida baƙi ya tarar da abin da ya fi gaisuwa daɗi. Ya zagaya akwatin hannu a baya, ya ƙwanƙwasa shi da ɗan mukullin mota, ya ce, "Malam, ai abin nan ba ya buƙatar kashe kuɗi. Da zafi na tsaya kusa da ita, na ji tana huro wuta ta waje. Ku kama mu juya ta, inda take huro zafi ya kalli ɗaki, inda take huro sanyi ya kalli waje. Waje dama sanyi ake, ba wanda zai kai ƙara." Ya fara naɗe hannun riga. Akwatin ya haura kilo 130, a ɗaure yake da bututu da wayar wuta, Alhaji kuma bayansa ba ya barinsa ya yi ruku'u sai a kujera.

Ina son shawarar nan fiye da duk littafin da ke zuwa da na'urar, domin ba ta da amfani ko na anini, kuma duk da haka ita ce gaskiyar maganar. Abin da Alhaji ke so a yi da ƙarfin ƙirji, akwai na'urar da ke yin sa da ɗan bawul guda: famfon zafi. Akwati ne iri ɗaya, a dakali iri ɗaya, sai dai idan sanyi ya zo yana juya tafiyar gas ɗin, ya kwaso ɗumin da ke cikin iskar waje ya zuba a ɗaki. Ita kuwa hitar da ba ta zo ba, waya ce kawai mai yin ja, 'yar uwar hitar da ɗalibai ke tsomawa a bokiti, sai dai ta ninka ta sau da yawa. Yunit ɗaya na wuta ta sha, yunit ɗaya na zafi za ta bayar, ba daɗi ba ragi. Famfon zafi a sanyin kudu yakan ba da biyu zuwa uku a kan wannan yunit ɗin. A yi lissafi a fili: hita mai kilowat 10 idan ta yi awa 8 tana ci a dare, yunit 80 ke nan, a wata 2,400. A ƙaddara yunit santi 15 ne, an tashi dala 360 a ɗumama kaɗai, a ƙasar da matsakaicin gida ke shan kusan yunit 900 a wata gaba ɗayansa. Abin da aka rage a Yuli bashi ne, kamfanin wuta ke karɓarsa duk hunturu, ba ya kuma yafewa.

Za a ce mini sanyin kudancin ƙasar Amurka na kwana nawa ne, da har mutum zai ƙara kuɗi a kan famfon zafi? Wannan magana tana da ƙafa, amma a wasu garuruwa kawai take tsayawa. A Miami, inda idan sanyi ya ɗan matsa manyan ƙadangarun iguwana ke sandarewa su faɗo daga bishiya har a sa a labarai, ƙaramar hita ta isa, wanda ya saya bai yi wauta ba. Amma kudu ba Miami ba ce duka. Dallas da Atlanta suna ganin ruwa ya daskare kowace shekara. Houston ɗin ma da ake wa kallon garin gumi, a Fabrairun 2021 sanyi ya kai kusan digiri 11 ƙasa da sifili, gidaje da shaguna fiye da miliyan 4 a Texas suka zauna a duhu, a jihar da fiye da rabin gidajenta da lantarki suke ɗumama ɗaki. Na yarda, ranar da aka ɗauke wuta, da hita da famfon zafi duk ƙarfe ne a bayan gida. Na kuma yarda famfon ma yana son 'yar hita a ciki don daren da sanyi ya wuce misali. Bambancin shi ne, a can hitar mai jiran gado ce, a nan kuwa ita ce sarki, kuma sarautarta a kan mita take.

Wani kuma, musamman wanda ramin ya riga ya kunyata, zai ce to a kawo babbar, mai kilowat 20, kowa ya huta. Fushi ne ke magana, waya kuma ba ta san fushi ba. A boltej 240, mai kilowat 10 tana jan kusan amfiya 42, mai 15 ta haura 62, mai 20 ta haura 83. Tsofaffin gidaje da yawa, irin waɗanda mai neman araha ke iya saye, duk wutar da ke shigo musu amfiya 100 ce, a cikinta murhun girki zai ci, injin busar da kaya ya ci, tankin ruwan zafi ya ci. Uwargida ta ɗora tuwo, hita ta tashi, bireka ta datse, sai a koma neman tocila a gaban surukan nan dai. Haka abin yake a ɓangaren sanyi. Tan ɗaya a wannan sana'a ƙarfin sanyin da ƙanƙara tan guda ke bayarwa ne idan ta narke cikin awa 24, namu kuma yana ganin tan biyar ta fi uku kamar yadda biyar ta fi uku a ko'ina. Na'urar da ta fi ƙarfin gida tana sanyaya iska nan da nan ta mutu, kafin ta tsotse laimar da ke cikinta, a bar mutum a ɗaki mai sanyi da danshi, ga kwamfureso yana ta tashi yana kwanciya har ya gaji da duniya. Akwai lissafin da masu sana'ar ke yi, Manual J, mai auna faɗin gida da tagogi da rufi da yanayin gari. Wanda ya zo kafawa ya kalli gida daga cikin mota ya faɗi tan, abokin Alhaji ne, kayan aiki kawai ya fi shi.

Saura magana mafi nauyi: mai ƙaramin ƙarfi abin da aljihunsa ya kai zai saya, wa'azi ba ya ƙara masa dala. Gaskiya ne, ni ma ban ce a guji mai araha ba. Tun Janairun 2023 doka ta sa wa duk irin wannan akwati mafi ƙarancin inganci na 13.4 a ma'aunin SEER2, saboda haka mai arahar ma ba tarkace ba ce. Inda araha ke zama tsada shi ne wurin tambayoyin da ba a biyan ko santi a kansu, amma girman kai ke hana yi. Hitar tana ciki ko daban ake saye, mai kilowat nawa ce? Wutar gidana za ta ɗauka, ko sai an ja sabuwar waya? Nawa ne tsakanin wannan da famfon zafi mai girma ɗaya? Wane gas ne a ciki, tunda daga 2025 an daina ƙera sababbi masu R-410A an koma R-32 da R-454B, ragin da aka yi mini na tsohon kaya ne? Garantin fa, tunda kamfanoni da yawa sai an yi rajista cikin kwana 60 suke ba da shekara 10 a kan kayan gyara, wasu kuma ba sa kula wanda ba mai lasisi ne ya kafa masa ba? Matambayi ba ya ɓata, amma namu ya gwammace ya ɓata da a ji yana tambayar yaron kanti yadda ake zafi.

Hitar dai takan iso bayan sanyin ya wuce. A sa ta, a danna, wayoyin su yi ja karo na farko, su ƙone man masana'anta da ke jikinsu, ƙauri ya bi bututu ya shiga kowane ɗaki, ƙararrawar hayaƙi ta ɗauki ihu, gida ya sake fitowa tsakar gida da jariri a kafaɗa. Alhaji, wanda ba a san wa ya kira shi ba, ya shaƙi iskar ya gyaɗa kai ya ce, "Malam, maza kunna mata sanyi ta huce."