Mutanen Gidan Haya a Kurna da Rijiyar Lemo

Ɗan Roni da ya shiga Kano neman kuɗi, in ya wuce Dawanau ba ya yin nisa: Bachirawa, Rijiyar Lemo ko Kurna, nan yake kama ɗaki. Gidan haya a waɗannan unguwanni ɗakuna ne a jere, makewayi ɗaya, igiyar shanya ɗaya, takardar kuɗin wuta ɗaya. Mutanen ciki kuwa iri-iri ne.

Akwai mai aro: ashana, ludayi, caja, duk abin da ya shiga ɗakinta sai an yi ta aiken yaro. Akwai mai makewayi, wanda ke shiga da buta da waya daidai lokacin da 'yan makaranta ke layi, gyaran murya ba ya fito da shi. Akwai baƙon da ya zo daga Gwiwa da tiyar gero zai kwana biyu, ga shi har an ci naman layya da shi.

Gwanin cikinsu shi ne Malam Ƙwai-Ɗaya. Ran da aka zauna rabon kuɗin wuta, sai ya marairaice: "Ni fa, Alhaji, ƙwai ɗaya gare ni, shi ma sai zan yi shimfiɗa nake kunnawa." Amma ana kawo wuta hita ta shiga bokiti, dutsen guga ya ɗau zafi, firjin da uwargida ke daskarar da zoɓon sayarwa ya fara gurnani a bayan labule. In wayar wuta ta ƙone, shi ne farkon fitowa tsakar gida yana salati, yana tambayar wane marar tsoron Allah ne ya jona abu mai nauyi. Ran da masu yanke wuta suka iso da tsani kuwa, ya tafi ta'aziyya Kazaure. Mai riƙe littafin karo-karon kuɗin wutar, wanda ke da lokacin rubuta halin kowa, shi ma sunansa na layin masu bashi.

Duk waɗannan ana dariya a wuce. Banda mai zuba shara a kwata. Da hadari ya haɗo take fito da kwandon leda da toka ta juye, wai ruwa zai tafi da shi. Ba inda yake zuwa. Kwata ta toshe, ruwa ya koma ɗakin maƙwabci, katangar ƙasa ta jiƙe, sauro ya samu gida, yara su kwanta da zazzaɓi. Wannan ba a kai ta gaban mai gida, sai mai unguwa.