Gara Mai Zarto

Tun da aka yaye ni a kan tabarma nake cin tuwo, kuma ban taɓa ganin tabarma ta yi rawa ba. Mahaifina a kanta ya ci, kakana a kan buzu. Sai bara waccan wani abokin aikina ya gayyace mu walimar tarewa a sabon gidansa, na ga an jera kuloli a kan wani dogon tebur, kowa ya ja kujera ya zauna kamar zaman majalisa. Tun a kan babur, kafin in iso gida, na yanke hukunci cewa mu ma mun bar zaman ƙasa.

Uwargida ta ce, "Malam, falon nan fa da ƙyar yake ɗauke da kujerun da ke cikinsa." Na ce mata ci gaba dama sai da matsi.

Akwai wani dattijon kafinta a bayan layinmu, shi na samu. Muka tafi 'Yan Katako ta Na'ibawa, ya yi ta ƙwanƙwasa katako yana kasa kunne kamar mai zaɓen kankana, har ya tsaya a kan maɗaci. Bayan mako uku ya aiko a kira ni. Tebur ne mai kujera shida, tsayinsa inci 30 daga ƙasa kamar yadda ake yin teburin cin abinci, an goge shi yana ta sheƙi. Na kama shi da hannu biyu na jijjiga, na hau na zauna a kai, ko gezau. Na biya, har na ɗora tukuici, muka loda shi a a-kori-kura.

A daren farko na zauna a kan kujerar mai gida, na ɗora gwiwar hannu a kan tebur zan yi bisimilla, sai na ji ƙwas! Na ɗaga hannu, ƙwas! Shayin da ke gabana ya yi tsalle ya sauka a faranti. Autana ya ga abin wasa ya samu, ya shiga danna nasa ɓangaren, ni da shi muka koma kamar masu lilo. Na durƙusa na leƙa. Ƙafa ɗaya ce ba ta taɓa tayil, kuma tazarar ba ta wuce kaurin kwalin ashana idan an take shi ba. Ɗan hakin da ka raina kenan.

Na fara da takardar kuɗin wuta, na ninka ta huɗu na cusa. Kwana biyu ta yi tana aiki, wanda ya fi abin da wutar kanta ta yi mana a wannan makon, daga nan ta lanƙwame. Na koma marfin kwalbar lemo, shi kuma ƙara yake yi a kan tayil kamar ana yanka ɓera, kuma auta yana tara irinsa, don haka bai kwana ba. Mai shayin bakin titi ne ya ba ni dabarar da ta fi kowace: ya nuna mini ƙafar teburinsa, ya ce shekararsa nawa a nan da guntun silifa yake zaune lafiya, don roba tana lotsawa daidai gurbin, kuma ba ta zamewa. Na dawo na sami wata silifa a bakin banɗaki na yanke dunduniyarta. Tebur ya tsaya cak. Sai da asuba na gane cewa silifar ba tsohuwa ba ce kamar yadda na zata, kuma ba tawa ba ce.

Ko ban da wannan, kullum aka zo goge falo sai an matsar da tebur, guntun silifa ya bi tsintsiya. Kuma ni dai raina bai yarda a ce teburin maɗaci yana tsaye da taimakon shuɗiyar silifa ba.

Na koma wurin kafinta da shirin faɗa. Na ce, "Baba, ɗanyen katako ka yi mini aiki da shi." Ba a banza na faɗa ba, don kowa ya san katako yana shan laima da damina ya kumbura, ƙofa ta ƙi rufuwa, hunturu kuma ya busar da shi ya tsuke, wanda bai gama bushewa ba har murɗewa yake yi. Ya saurare ni har na gama, ya cire fensir daga bayan kunne ya ce, "Malam, katakon nan ya daɗe da bushewa, tare muka zaɓe shi. Bari in gama gadon amaryar nan, zan zo in gani da idona. Kada ka taɓa shi." Ni kuwa na san goben kafinta da goben tela uwarsu ɗaya. Ranar Asabar da hantsi na aro zarto a wurin maƙwabcina.

Ga abin da ban sani ba a lokacin. Tebur mai rawa a kan ƙafa biyu yake tsaye, waɗanda suke kusurwa da kusurwa, sauran biyun kuma su ne suke karɓa-karɓa, wannan ta sauka waccan ta tashi. Wanda ya nace sai ya yanka, to cikin biyun da suka kafe a ƙasa zai rage, don su ne suka ɗaga sauran. Ni kuwa malamin makaranta ne, a aji mai surutu shi ne mai laifi. Na kwanta rub da ciki na ga ƙafar da take buga ƙwas-ƙwas, na ce yauwa, ke ce. Na yi mata alama da biro.

Uwargida ta hana a yi mata garin katako a falo, saboda haka ni da babban ɗana muka ciccibi tebur zuwa tsakar gida, muka kifa shi, na yanke ƙafar. Muka dawo da shi. Gurbin da a da kwali yake cikewa yanzu yatsana yana shiga ya fita. Nan na fahimci na hukunta marar laifi, kuma hanyar gyara ita ce a rage sauran ukun su zo daidai da ita. Ba ni da tif, sai na karyo tsinken tsintsiya na mai da shi ma'auni. Muka sake fita.

Wanda bai taɓa riƙe zarto ba yana zaton miƙe yake tafiya. Nawa dai karkace yake bi, ƙafar ta fito da baki kamar an fere alƙalami, ta tsaya a kan tsini. Sai an sake yanka don a daidaita bakin. A tsakar gida, a kan siminti, in gwada in ga ya kusa tsayawa, mu shigo da shi falo ya ci gaba da rawarsa, wani lokacin ma ta ɗaya kusurwar, don a wajen shiga ƙofa mukan juya shi kai ya koma gindi ba tare da mun lura ba. A zagaye na biyar wata ƙafa ta tsage, dole na yanke daga saman tsagar, dole sauran ukun suka bi ta. Da aka kira la'asar mun fita da teburin nan sau bakwai. Yarona ya ce, "Baba, ya rage nauyi." Gaskiya ya faɗa. Da na aro tif daga baya na auna, tebur ya dawo inci 21, kujerunsa kuwa suna nan a inci 18 da aka yi su. Idan ka zauna, gwiwarka ce take fara gaisawa da shi. Kuma yana rawa.

Uwargida ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu, ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Sannu da aiki, Malam. Tsugunne dai ba ta ƙare ba." Ba ta ƙarasa maganar kare da biri ba, ta bar mini in ƙarasa da kaina.

Washegari Lahadi surukina ya iso daga ƙauye, zai ga likitan ido ranar Litinin. Mutum mai hankali da ya jefa mayafi a kan teburin ya shimfiɗa darduma. Ni na riga na yi wa dangin matata labarin tebur tun yana rumfar kafinta, ba zan janye ba. Na tara kwali da ragowar silifa a ƙarƙashin gajeriyar ƙafar, na sa aka jera tuwon shinkafa da miyar kuka a kai, na ce, "Baba, bisimilla, a nan za a ci." Dattijo ya zo cikin farar shadda mai aiki, ya gwada tura ƙafafunsa ƙarƙashin tebur suka ƙi, sai ya zauna a karkace, bai ce komai ba. Ni kuma na koma gefe na tsugunna, kaina a ƙasa, kamar yadda ya kamaci suruki. Daga inda nake tsugunne na hango abin da ba wanda ya gani: auta yana rarrafowa daga ƙarƙashin tebur da shuɗin guntun silifa a hannunsa.

Ban iya ɗaga murya a gaban suruki ba. Ya dafa kusurwar tebur zai gyara zama, tebur ya rusuna masa, kwanon miya ya taho a hankali, da natsuwa, kamar an aiko shi. Wanda ya san miyar kuka ya san ba ta zuba ta tsaya wuri ɗaya, sai ta ja zare. Tun daga aljihun gaba har gwiwa ta sauka. Falo ya yi tsit. Dattijo ya dubi rigarsa, ya yi salati a hankali, sannan ya ce, "Ba komai, Malam, tsautsayi ne. Ko akwai tabarma a gidan?"

Kafinta ya zo ranar Talata, kamar yadda ya yi alkawari, abin da ban taɓa tsammani ba. Ya daɗe tsaye yana kallon aikin hannunsa. Ya ce, "Malam, gara ce?" Na ce to, wani abu dai mai kama da haka. Ya shafa bakin wata ƙafa da yatsa ya ce, "Lallai garar gidan nan da zarto take yawo."

Bai ƙara taɓa teburin ba. Ya aiki yaronsa ya ɗauko wani dogon katako miƙaƙƙe, ya kwantar da shi a kan tayil inda tebur yake tsayawa. Katako ya yi ƙwas-ƙwas, irin sautin nan da ya hana ni barci. Ya ɗora lebur a kai, ƙwayar iskar da ke cikin ruwan ta gudu gefe guda. Ya matsa gaba kaɗan, ya karɓi cokali ya zura shi ƙarƙashin katakon ya fito ta ɗaya gefen. Ashe daɓen falona tudu da kwari ne, wanda ya shimfiɗa tayil ɗin da ido ya yi awonsa. Ya ce gangare kaɗai ba ya sa tebur rawa, in dai shimfiɗar ta tafi sumul ƙafa huɗu za su taka, sai dai ruwa ya karkata a kofi. Doro da lotsawa su ne matsala. Na tuna masu cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Nawa tudun a tsakiyar falona yake, wata guda ina taka shi ina hangen na kafinta.

Ya juya ya tambayi uwargida, "Hajiya, duwatsun murhu nawa ne?" Ta ce uku. Ya ce to shi ya sa tukunya ba ta rawa ko a kan wace irin ƙasa, abu mai ƙafa uku duk inda ka ajiye shi ukun sai sun taka, shi ya sa masu ɗaukar hoto da masu awon fili suke ɗora na'urarsu a kan ƙafa uku. Amma dogon tebur in ka ba shi uku, ranar da wani ya dafa kusurwar da ba ƙafa sai ya kife. Don haka ake ba shi huɗu, ta huɗun kuma ita ce mai neman sulhu da ƙasa. Ya sa hannu a aljihu ya fito da wasu 'yan ƙarafa masu zare da kan roba. Ana huda ƙasan ƙafar a kafa noti, a ɗaura su, wadda ba ta taka ba a warware ta kaɗan har ta taka. Ya ce in leƙa ƙarƙashin firjina. Na leƙa. Ga su nan a gaba, shekara da shekaru suna kallona. Kuɗin huɗun bai kai abin da na biya mai wanki a kan shaddar surukina ba.

Labari ya zaga dangi, har ɗan yayata da ke karatun lissafi a jami'a ya kira ni. Ya ce, "Kawu, ai da juya shi kawai ka yi." Wai masana sun daɗe da tabbatar da cewa tebur mai ƙafafu daidai, a kan ƙasa mai tudu da kwari marar tsanani, in ka riƙa juya shi a inda yake za ka kai inda duka huɗun suka taka. Mai murabba'i bai wuce rubu'in zagaye, dogo irin nawa bai wuce rabi. Dalilin ma ba wuya: a farkon juyi wannan kusurwar ce a sama, a ƙarshensa waccan, to dole a tsakani akwai inda ba wadda take sama. Ya ce wani Roger Fenn ya yi rubutu a kan matsalar tebur tun 1970, Martin Gardner ya kawo ta a mujallar Scientific American a 1973, har wani masanin cibiyar CERN da ke Janiba, André Martin, ya fitar da nasa bayanin a 2007. Na ji daɗi ƙwarai da na san manyan masana ma shayinsu yana zubewa. Na ce to bari in je in juya. Ya ce, "Sharaɗin fa ƙafafun su zama tsayi ɗaya, Kawu." Na ce masa katina ya kusa ƙarewa, alhali shi ya kira.

Ko da na sani tun farko, a falona teburin da a gicciye zai tsaya ya tare ƙofar ɗaki. Wannan hujjar na riƙe, kuma ita nake ba duk wanda ya tayar da maganar.

Kafinta ya daidaita ƙafafun a inci 17, ya sa musu robarsa, bai karɓi kuɗin aiki ba, ya ce dariyar da ya yi ta ishe shi. Tebur yana nan tsakiyar falo, ko ka hau kansa ba ya motsi, yara suna zama a ƙasa su yi aikin makaranta a kai. Tuwo mun koma ci a tabarma. Surukina duk sanda muka yi waya, bayan ya tambayi yara sai ya ce, "Ya tebur?" Kujerun nan shida kuwa suna jibge a zaure, maɗaci ne, ba wanda ya taɓa kai musu zarto. Mai bukata ya zo mu daidaita.