Yadda Ake Tauna Taura Biyu: Shawara Ga Ɗan Bici Mai Son Lauyanci Da Faransanci

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ina zaune a zaure ina ɓarar gyaɗar iri, sai ga ɗan yayana ya faɗo da waya a hannu. Ya durƙusa ya gaishe ni sama-sama, ya ce, "Baffa, na gano abin da zan karanta." Na ce, "Masha Allah, me?" Ya ce lauya. Na ce Allah ya taimaka. Ya ce, "Amma haɗe da Faransanci." Sai na ajiye ƙwaryar.

A wayar ya nuna mini cewa a Ingila da Ayalan akwai jami'o'in da ke ɗaure karatun shari'a da Faransanci a ƙulli ɗaya, shekara 4, guda daga ciki a Faransa ake yin ta. Wannan yaro, in ka cire ranar da ya raka buhunan riɗi Dawanau, iyakar tafiyarsa kasuwar Badume. Ban yi masa dariya ba, don a gidanmu ba a kashe wa yaro gwiwa kafin ya ci abinci. Na dai ba shi shawara, ga ta nan na rubuta saboda 'ya'yan Saye da Danzabuwa da Kwamarawa da Muntsira, maza da mata, waɗanda irin wannan ciwon ya kama.

Ɗana, abin da ka gani a waya gaskiya ne, sai dai ba da kai aka yanka rigar ba. A Oxford, misali, sai ka zo da A har 3 a babbar jarrabawarsu, ka zauna wata ta masu neman shari'a da ake kira LNAT, malamai su zaunar da kai su yi ta juya ka kamar waina, sannan in Paris kake hari ka nuna Faransancinka ya nuna. Kuɗin kuwa, ko an sayar da gonar gado har da kukar da ke tsakiyarta, zangon farko ba zai ƙare ba. Mu dawo gida.

A gida ba a sayar da su a ƙulli ɗaya. Jami'ar Bayero tuni ta yi wa digirinta na shari'a aure: dokar da muka gada daga Ingila haɗe da shari'ar Musulunci, don haka harshen da ke zaune a ɗakin uwargida Larabci ne. A Jami'ar Ahmadu Bello kuwa lauyoyi suna Kongo, masu Faransanci suna Samaru, ko gaisawa za su yi sai an hau bas. Wato kai ne tela, da hannunka za ka ɗinke su.

Ka fara da takardar sakandare, don nan ne ake binne yawancin lauyoyin ƙauye tun ba a haife su ba. Ana son kiredit 5, cikinsu da Ingilishi, kuma akasarin jami'o'i sai da Lissafi da adabin Ingilishi, wanda ku kuke kira Litirecha. WAEC ko NECO, a zama ɗaya ko biyu, ba uku ba. C6 ita ce ƙofar ƙarshe. D7 kuwa ƙanwar F9 ce, wanka kawai ta yi ta shafa hoda. Kada ka kawo mini zancen cewa lauya ba ruwansa da Lissafi. Wa zai raba tumunin takaba in an zo gado?

Litirecha ita ce ramin. A nan garin da zarar yaro ya iya sau bakwai ba tare da ya ƙirga yatsu ba, sai a tura shi ajin kimiyya, don ubansa ya riga ya faɗa wa majalisa cewa likita ya haifa. Shekara 3 yana zanen ƙodar ɗan'adam da hanjin zomo, sai ranar cike fom ya ce lauya yake so. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun aji ɗaya na babbar sakandare ake wannan shawarar. Ko ka shiga ajin da ya dace ma, ka buɗe ido. Na san wata makaranta, ba zan kama suna ba, inda darasin ke rubuce raɗau a jadawali ranar Talata da Alhamis, littattafan Shakespeare na kulle a durowar shugaba har gara ta fara sharhinsu, malamin kuwa wata 'yar bautar ƙasa ce da ta tafi tun kafin a cire gero. Yara suka shiga jarrabawa sun san sunan littafin da launin bangonsa.

Sai JAMB, wadda ke tsare da ƙofar jami'a tun 1978. Darasi 4, tambaya 180, awa 2, maki 400. Ingilishi dole, Litirecha kusan ko'ina dole, sauran biyun ka ɗebo daga irin su Gwamnati, Tarihi, Addinin Musulunci ko Larabci. Faransanci ma yana cikin darussan da take jarrabawa, amma kafin ka cusa shi ka buɗe kundin hukumar ka ga abin da jami'ar da ka zaɓa take karɓa, don kowace da irin miyarta. Shekarunka kuma su kai 16.

Tun 2021 ba a rajista sai da lambar NIN, kuma a nan ne za ka gane cewa kai mutum uku ne. A takardar firamare kai Muhammadu ne, a ta sakandare Mohammed, a katin ɗan ƙasa Muhammad, kuma dukkanku an haife ku ran 1 ga Janairu na shekaru daban-daban. Ka tara su ka sasanta su tun da wuri su zama mutum ɗaya. Wannan ita ce shari'arka ta farko, in ka faɗi a ita babu ɗaukaka ƙara.

Tun 2015 kuma a kwamfuta ake jarrabawar. In ba ka taɓa zama gabanta ba, ka je shago ka biya na awa ɗaya ka saba da ita. Na ga yaro ya ɗaga linzamin sama yana nuna wa allon kamar mai canja tashar talabijin. Na ga wani ya danna harafin miƙa takarda tun yana tambaya ta tara, ya fito yana murmushi wai ya riga kowa gamawa.

In ka ji an sanar a rediyo cewa ga mafi ƙarancin makin shiga jami'a na bana, kada ka yanka zakara. Wannan na kowa da kowa ne. Majalisar kula da ilimin shari'a ta yanka wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka, masu nema kuwa kamar fara, don haka makin lauya can sama yake rataye. A jami'o'in tarayya kashi 45 cikin 100 na cancanta ne, 35 na 'yan yankin jami'ar, 20 na jihohin da aka ce suna baya a ilimin boko, kuma Kano na cikinsu. Wannan ne kaɗai wurin da za a ce da kai koma-baya ka amsa da "na'am, ranka ya daɗe". Bayan tantancewar jami'a ka riƙa leƙa shafin CAPS na JAMB, don gurbin da aka ba ka ba naka ba ne sai ka danna ka karɓa.

In bai samu ba, akwai ƙofar gefe: difloma a Kwalejin Aminu Kano ta Nazarin Shari'a da Addinin Musulunci, wadda kowa ya sani da Legal, ko shirin share fage na IJMB a kwalejin CAS, sannan ka nemi shiga aji biyu kai tsaye. Abin da nake ja maka kunne a kai shi ne masu cewa, "Ka dai karɓi kwas ɗin da aka ba ka, in ka shiga sai ka canja." Wasu daga cikin waɗanda suka ji wannan shawarar yanzu da jikokinsu, kuma har yau za su canja.

To, taura ta biyu. A watan Disamba na 1996 Janar Sani Abacha ya ce Faransanci zai zama harshen hukuma na biyu a Najeriya, aka kuma sa shi cikin manufar ilimi ta ƙasa. Maganar ta taso daga sama tun wancan lokacin, ina jin motar da ta ɗauko ta ce ta lalace a hanya, don har yanzu ba ta iso ƙauyenmu ba. Saboda haka malaminka na farko shi ne mai shayin bakin tasha, mutumin Damagaram. Ka zauna kan bencinsa bayan isha, ka sayi kofi ɗaya ka yi ta jan sa. Zai koya maka jandarma da duwan da lakwal da mushe, ya koya maka cewa jika dubu ce ta sefa, dala ashirin kuma ɗari. Wannan Faransancin zai fitar da kai daga shingen kan iyaka, amma ba zai shigar da kai kotu ba. Na kotun sai ka tara kuɗin mota ka je Alliance Française a Kano, ka hau matakan DELF daga A1 har B2, wanda shi ne abin da jami'o'in Faransa suka saba tambaya. Akwai kuma Ƙauyen Faransanci na Badagiri da aka kafa a 1991, inda ɗaliban harshen ke zuwa su jiƙu. Ka lura da hikimar: kai da za ka karya kumallo a Bici ka yi azahar a Maraɗi, an ajiye maka Faransanci can bakin teku inda sai ka kwana a mota.

Harshen kansa yana da halinsa. Bafaranshe zai rubuta harafi uku, eau, ya ce "o", wai ruwa ke nan, sauran haruffan 'yan rakiya ne. Ba shi da kalmar tamanin, sai ya ce ashirin huɗu; casa'in da tara kuwa ashirin huɗu da goma da tara, ka ga amfanin Lissafin da kake raina. Amma kana da abin da Bature ba shi da shi: tun a goye ka san abubuwa da mace da namiji. Sai dai su sun birkita gidan, rana a wurinsu namiji ce, wata kuma mace. Sannan kalma ɗaya, avocat, ita ce lauya ita ce kuma fiya. In ka je Yamai ka ce kai avocat ne, ka riƙe jakarka da kyau kada a tambaye ka nawa kashi.

Ga abin sanyaya zuciya. Tun da Wiliyam na Nomandi ya ci Ingila da yaƙi a 1066, kotunanta suka yi ɗaruruwan shekaru suna shari'a da Faransanci, kuma tarkacensa na nan cikin littattafan da za a ba ka. Tort laifi ne da aka yi wa wani. Mortgage asalin ma'anarta matacciyar jingina. Wannan kam su suka san ta, don a ƙasar Bici jinginar gona ba ta mutuwa: wanda ya bayar ya rasu, wanda ya karɓa ya rasu, jikoki na nan suna nuna wa juna ɗorawar da aka yi maganar a gindinta.

Za ka ce me wahalar za ta haifa? Kotun ECOWAS tana nan Abuja, tana aiki da Ingilishi da Faransanci da harshen Fotugal. Kotun Duniya da ke Heg harsuna biyu gare ta, Ingilishi da Faransanci. A can aka yanke hukuncin Bakasi ran 10 ga Oktoba, 2002, kuma ɗan Najeriya, Taslim Elias, ya shugabance ta daga 1982 zuwa 1985. Kusa da gida, Nijar da Binin da Cadi da Kamaru duk suna cikin ƙasashe 17 masu bin dokar kasuwanci ta OHADA, wadda aka ƙulla a 1993, babbar kotunta na Abijan. Ɗan kasuwar Dawanau ko Kantin Kwari da kayansa suka maƙale tsakanin Kwatano da Maraɗi, aka miƙo masa takarda shafi goma bai gane ko ɗigo ba, shi ne abincinka. Amma kada zumuɗi ya sa ka tsallaka Yamai ko Tawa ka yi digirin gaba ɗaya ba tare da tambaya ba. Dokarsu jikar kundin Nafoliyon ce na 1804, tamu 'yar Ingila, kuma Makarantar Lauyoyi ta Najeriya ba da guɗa take tarar kowace takarda ba.

Wani abu kuma da ban so in faɗa maka ba: a 2025 hukumomin Nijar suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki tare da Ingilishi. Wato za ka shekara biyar kana murɗe harshe, ka isa Maraɗi ka gyara tsayuwa ka ce "Bonjour", a ce maka "Barka da zuwa, ina gajiya?" Kada ka karaya. Gaisuwar ce da Hausa, takardar da za a sa hannu har yanzu da Faransanci take.

Ka kuma shirya wa tsawon hanyar. Shekara 5 a jami'a cikin fari da baƙi kamar hankaka, ban da abin da yajin aiki zai ƙara, irin na wata 8 da aka yi a 2022. Sai shekara guda a Makarantar Lauyoyi, in ka yi sa'a a kai ka reshen Bagauda. Cikin sharuɗɗan kiranka lauya har da halartar liyafa 3 ta cin abinci da cokali da wuƙa, don haka ka fara gwaji da tuwon dawa tun yanzu. Sannan a ɗora maka hular gashi da baƙar alkyabba a zafin Afrilu. A gida kuwa tun ranar da ka sayi fom sunanka Barista. Shari'arka ta biyu ta iyakar gona ce tsakanin baffanninka biyu, kowannensu ya goya ka, ladan kuma ƙwan zabi shida da "Allah ya yi albarka". Kakarka za ta yi ta kuka wai za ka shiga sahun masu mai da fari baƙi. Ka ce mata har rabon gado ake koyarwa, za ta share hawaye ta fara lissafa maka gonakin da aka cinye mata.

Shi ɗan yayan nawa da muka duba sai muka tarar yana ajin kimiyya, bai taɓa ganin Litirecha ko a mafarki ba. An mayar da shi ajin da ya dace, ubansa ya yi kwana biyu ba ya zuwa majalisa. Yanzu kullum da safe sai ya ce, "Bonjour Baffa," ni kuma in ce lafiya lau.

Mai ɗa ko 'ya a aji ɗaya na babbar sakandare, don Allah ranar Litinin ka je makarantar da ƙafarka ka tambayi shugaba ko akwai malamin Litirecha. In ya ce akwai, ka ce a fito maka da shi ka gan shi.