Kekena Ya Je Gembu

Bakano bai san hawa ba. Dutsen Dala ne iyakarmu, shi ma da matakala ake hawansa. Shi ya sa da Ɗanlami ya shimfiɗa taswira a majalisarmu ya ce mu haye tsaunin Mambila da keke, daga Serti har Gembu, ba wanda gabansa ya faɗi. A takarda ai ko'ina a shimfiɗe yake. Ya auna tafiyar da yatsa, ko taƙi ɗaya ba ta kai ba.

Malam Sani, da yake malamin makaranta ne, shi ya zana jadawali: a kwana a Mayo Selbe, a yi azahar a Maisamari, a sha shayi a Nguroje, a shiga Gembu ana tafa mana. Ya kuma sanar da mu cewa Chappal Waddi, ƙololuwar da ta fi kowace tsawo a Najeriya, mai mita 2,419, tana wannan yankin na Taraba, "in lokaci ya ragu sai mu leƙa." Atisaye kuwa ba mu yi wasa da shi ba: mu zagaya Goron Dutse bayan la'asar, mu ƙare a wurin mai tsire.

Kekena Phoenix ne na gado. Na kai wa mai facin unguwarmu, ya matse birki, ya ce, "Alhaji, ina aka nufa?" Na ce Mambila. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce don Allah in fara biyansa tsohon bashinsa. Uwargida kuma ta ji an ce can akwai sanyi, sai ta lafta wa kariya bargo biyu, risho, tukunya, buta, ƙuli-ƙuli da rabin buhun garin rogo.

Mota ta kai mu Jalingo, muka bi ta Bali zuwa Serti. Daga nan zuwa Mayo Selbe har waƙa muke yi. Muna barin garin, hanya ta miƙe tsaye. Na taka feda da dukan ƙarfina, sai tayar gaba ta ɗaga sama kamar dokin hawan sallah, na tsinci kaina a ƙasa, keke a kaina. Tukunya ta gangara kwari, muna jin ƙararta har ta ɓace.

Daga nan sai turi. A Hawan Biyu da Sisi wata dattijuwar Bafulatana da ƙwaryar nono a ka ta cim mana, ko haki ba ta yi.

"Sannunku, 'ya'yana. Kekunan ne ba lafiya?"

"Lafiyarsu lau, Inna," in ji Malam Sani. "Hutar da su muke yi."

Ta ce Allah Ya ba su lafiya, ta wuce.

Hazo ya sauko, ruwa ya biyo shi. Jadawali ya narke a aljihun mai shi, gari ya jiƙa kansa a cikin buhu ya kumbura, nauyi ya ninka. Ɗanlami, wanda ya kawo maganar tun farko, ya zauna a bakin hanya yana karkarwa, ya ce shi dama can shawara kawai ya bayar.

Wata tsohuwar Land Rover ce ta cece mu, irin waɗanda suka daɗe suna jigila a tsaunin. Direban ya ƙirga mu shida, don a wurinsa kowane keke fasinja ne. Maisamari da Nguroje ta taga muka gan su. A Gembu muka sauke kekuna a tasha, muka hau, muka yi ɗan zagaye, wani yaro ya ɗauke mu hoto. Hoton ne ake ta yabawa a majalisa har yau.

Keken dai na sayarwa ne. Ya je Gembu ya dawo, tayoyinsa ko cinyewa ba su yi ba. Mai so ya zo da kuɗinsa, ban da bashi.