Tsoho, Japan Na Nemanka

Tsoho mai ran ƙarfe, rage muryar rediyon nan ka juyo min da kunnen da ke ji, na samo maka aiki.

Tun da ka yi ritaya ba ka da sana'a sai zaman dakali da kushe 'yan zamani. To, a Japan irinku ake rububi. Kusan kashi 29 cikin ɗari na mutanensu sun kai shekara 65, haihuwa ta ja baya, kamfanoni na kukan rashin ma'aikata. Tun 2021 doka ta ce su yi ƙoƙarin riƙe ma'aikaci har ya kai 70, ga tsaranka sama da miliyan 9 can suna sammakon aiki. Ƙasar Sin ma ta fara ɗaga shekarun ritayar maza daga 60 zuwa 63 a 2025. Kai kuwa an sallame ka kana 60, wato 60 ɗin takardar rantsuwa. Na gaskiyar sai a tambayi Hajiya.

Sai dai kada ka yi saurin kai babbar riga wurin mai guga. A manyan kamfanoni yanzu, kafin manaja ya ga takardar neman aikinka, kwamfuta mai ƙirƙirarriyar basira ta riga ta tace ta. Ba ta cin goro, ba ta kuma san "ni abokin babanka ne" ba. Daga waɗanda aka ɗauka a baya take koyo, ta kwaso har da son zuciyar masu ɗaukar. A 2018 aka ji Amazon ya watsar da tasa domin tana danne mata. A 2023 kuma kamfanin iTutorGroup ya amince ya biya dala 365,000 a Amurka, kan zargin manhajarsa na watsi da mata masu shekara 55 da maza masu 60 zuwa sama. Da taka takardar ta gani, ai sai ta ɗauke wuta.

Ka ga inda gizo ke saƙa: ƙasa na roƙon tsoho, na'ura na korarsa. Wanda zai sha shi ne mai furfurar da ya haɗa gogewa da sanin na'ura, ba mai kirana in karanta masa saƙon waya ba.

Don haka gobe da hantsi ka zo makarantata, kuɗin koyo ƙafar kaza. In an ɗauke ka, Allah ya kiyaye hanya. Hajiya dai ka bar min ita, dama matata ce, riƙo na ba ka.